Wa ya hana wutar nukiliya isowa Zungur?

Ƙulun ƙulufit! Ƙasa tana da Hukumar Makamashin Nukiliya tun 1976, tana da tukunyar nukiliya mai aiki, maƙwabciyarta kuma tana haƙo yuraniyom. Amma tela a Zungur, a Bauchi, sai ya sayi fetur ya tayar da janareto kafin ya ɗinka kayan sallah. Ina gizo ke saƙa?

Wani zai ce masana ne babu. A'a. Tun 2004 masananmu ke sarrafa tukunyar NIRR-1 a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ƙarama ce, kimanin kilowat 30, ta bincike ce, ba ta ba da lantarki, amma hannun da ke juya ta namu ne.

To yuraniyom? Ga shi a Arlit, a Nijar, ana haƙo shi tun 1971.

Kuɗi fa? Nan kam mun kusa. Tashar nukiliya na cin biliyoyin daloli. Sai dai Rasha ta ranta wa Masar dala biliyan 25 don tashar El Dabaa, kuma Najeriya ma ta sa hannu da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017. An ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom. Har yau ba a aza tubali ba.

Ka ba ni gari?

Ɗaga kai. Dubi wayar da ke saman gidanku.

Babban layin wutar Najeriya yawanci megawat 4,000 zuwa 5,000 yake rabawa. Tukunya ɗaya irin ta El Dabaa megawat 1,200 ce. Ƙa'idar masana ita ce kada tukunya guda ta wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin layin ƙasa, domin idan ta tsaya farat ɗaya, giɓin zai durƙusar da layin baki ɗaya. A nan, kusan rubu'i ce. Ga wani abin da ya fi tayar mini da hankali: ko an kashe tukunyar, tana buƙatar lantarki daga waje don sanyaya cikinta. Rashin wannan wutar ne ya jawo bala'in Fukushima a 2011. Mu kuwa a Oktoban 2024 lalacewar layin Shiroro zuwa Kaduna da na Ugwuaji zuwa Apir ta bar yawancin Arewa, har da Bauchi, cikin duhu fiye da mako guda.

Jaki ba ya ɗaukar kayan raƙumi. Gwamnati ta fara da gyara layukan nan da tsare turakunsu, ta bari rukunonin sola su riƙe wurare irin Zungur kafin nan.