Tukwanen Jigari a Bayan Garin Bibemi

Bibemi tana ƙasar Kamaru, gabas da Garwa, wajen iyakar Chadi, a kwarin kogin Mayo-Kebbi wanda ke gangarowa daga Lere ya zuba cikin Binuwai. Garin Lamiɗo ne, ɗaya daga cikin masarautun Fulani da suka kafu a ƙarni na 19 ƙarƙashin tutar Modibbo Adama. Baƙo idan ya shigo, abin da zai fara gani shi ne masallaci da fada, da garken shanu masu nufar kasuwar Adumri, da tulin auduga mai jiran motocin kamfanin Sodecoton. Sai ya zaga bayan gari ko ya leƙa ƙauyukan kewaye, can zai ga hayaƙi na tashi daga wasu gidaje tun kafin hantsi, iska na kawo ƙamshin dafaffiyar dawa mai tsami-tsami. Waɗannan su ne gidajen bilbil, abin da muke kira burkutu.

Ni Musulmi ne, kuma hukuncin giya a wurina ba abin jayayya ba ne. Amma mutanen nan maƙwabtanmu ne, rijiya ɗaya, kasuwa ɗaya, asibiti ɗaya. Wanda bai san yadda tukunyar maƙwabcinsa ke tafasa ba, ba shi da bakin ba shi shawara ranar da ta ƙone.

Yawancin masu wannan sana'a Mundang ne da Tupuri da Giziga da Mafa, Kiristoci ko masu addinin gargajiya. Mundang tsofaffin mazauna yankin ne, tun da Lere ba ta da nisa. Sauran kuwa da yawansu sun zo ne tun daga shekarun 1970, lokacin da gwamnati ta buɗe shirin raya arewa maso gabashin Binuwai, ta kwaso manoma daga duwatsun Mandara da filayen da suka cunkushe a can arewa, ta ba su gonaki. Sun taho da fartanya da irin shuka, matansu kuma suka taho da tukwane.

Aikin na mata ne daga farko har ƙarshe, kuma na gida ne: uwa, 'ya'yanta, wani lokaci da matar ɗanta. Jar dawar nan ta damina, jigari, ita aka fi so. Za a jiƙa ta, a tsame, a baza a inuwa a rufe da buhu ko ganye, ana yayyafa ruwa safe da yamma har ta fid da tsiro. Nan ne gwaninta take. Uwar gida za ta ɗebo ƙwaya ta duba tsawon saiwar, ta tauna ta ji zaƙi, sannan ta ce a kai rana. In an yi gaggawa zaƙin bai fito ba, in an yi jinkiri ta yi funfuna, dawar mako guda ta tafi a banza. Bayan tsiron ya bushe sai a kai injin niƙa, a dama garin da ruwa a manyan randuna, a bari ya kwanta. A kwashe ruwan sama a ajiye gefe, a dafa na ƙasan ana tuƙawa da muciya mai tsawon mutum, a sake haɗa su, a bari su kwana su yi tsami. Washegari a tace, a mayar kan wuta, a yi ta tafasa sa'o'i ana kwashe kumfa. Yarinyar da ke tura itace idonta ya yi jawur, fuskarta sharkaf da gumi, ba ta isa ta matsa ba sai uwar ta ce wuta ta isa. In ya huce a zuba yis ɗin da aka adana daga dahuwar baya. Kafin gari ya waye randa ta fara tsuwa, ruwan ya yi ja mai duhu.

Yis ɗin nan shi ne gadon gidan. Ana shanya shi, a ƙulle a tsumma, a rataye inda ɓera ba zai kai ba. Amarya takan tafi da na uwarta, kuma wadda nata ya mutu sai ta roƙi maƙwabciya.

A Faransa ko kwarin Duro na ƙasar Fotugal, akwai iyalan da ke matse inabi su zuba a gangar katako, su ajiye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa shekara goma ko ashirin, kuɗinsa na ƙaruwa yana kwance. Mai bilbil ba ta da wannan gata. Abin da ta dafa da rai yake, yis bai daina aiki ba, ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 a kwarin Binuwai. Kwana ɗaya, in ya daɗe biyu, ya zama tsami zalla. Duk tsarin rayuwar gidan a kan wannan gajeren wa'adi aka gina shi. Shi ya sa matan unguwa ke raba ranaku, yau gidan wance, gobe gidan wance, don kada randa biyu su nuna rana ɗaya su kashe wa juna kasuwa. Shi ya sa ake auna dahuwa da ranar kasuwa, da Lahadi bayan an taso daga coci, da lokacin da aka biya kuɗin auduga. Kuma shi ya sa bashi ya yi musu katutu: da yamma ta yi, gara ta ba da ƙwarya a kan alkawari da ta zubar da ita gobe. Mashaya sun san haka sarai, wasu ba sa zuwa sai rana ta karkata.

Ribar ba ta da yawa, amma ta mace ce, a hannunta take. Kuɗin auduga sau ɗaya yake zuwa a shekara, kuma aljihun mai gida yake shiga. Na tukunya kuwa kowane mako ne. Da shi ake zubin adashe, a sayi littafin makaranta da maganin zazzaɓi, a biya kuɗin jarrabawa. Dusar da aka tace tana kiwata aladu da awaki. Manomin da ciyawa ta ci ƙarfinsa a watan Yuli yakan sa a dafa masa randa biyu ya kira gayya. A wurin Tupuri da Mafa ba a biki ko zaman makoki ko sulhu tsakanin dangi ba tare da ƙwarya ta zagaya ba. Kuma mu faɗi gaskiya, kuɗin nan yana ratsa hannun kowa: mai sayar da dawa a kasuwa, mai injin niƙa, mai itace, har da mai tsiren da ya kafa tukubarsa nesa kaɗan da ƙofar gidan.

Asarar ma a fili take. Buhun da ya shiga randa bai shiga rumbu ba, kuma a watan Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, yara ne ke fara jin jiki. Itacen da dahuwa ɗaya ke ci ya ishi gida girkin kwanaki, a yankin da daji ke ja da baya kowace shekara saboda gonakin auduga da gawayin da ake kaiwa Garwa. Akwai kuma magidancin da ke wuni a kan benci tun hantsi, gonarsa ta zama saura, matarsa na dafa wa wasu abin da ke cinye mijinta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne arki. Tun da bilbil ba ya ajiyuwa, wasu matan sun koma ga abin da ke ajiyuwa. Za a tsima gari da sukari kwanaki, a ɗora a tukunyar da aka liƙe bakinta da laka, a zura bututun ƙarfe ta cikin ruwan sanyi, tururin ya riƙa ɗiga cikin kwalba fari tas. Wannan yana wata da watanni bai canza ba, ana ɓoye shi a jarka, ana kai shi wuraren haƙar zinariya inda samari ke da kuɗi a hannu ba iyaye a kusa. Doka ta hana shi, amma ana yi. Babu mai auna ƙarfinsa, babu mai raba ɗigon farko mai guba da sauran. Yana cin hanta, yana taɓa ido, yana kashewa. Mai shan bilbil ƙoshi kan tsayar da shi, domin abin da kauri yake. Mai shan arki ba abin da ke tsayar da shi sai faɗuwa. Ga kuma barasar leda da ake sayarwa a kowane shago da kuɗin da ɗan makaranta ma zai iya biya. A 2014 gwamnatin Kamaru ta ba da umarnin hana ta, aka yi ta ɗaga wa'adi, ledojin kuma suna nan birjik a bakin hanya.

Matar da ta iya sarrafa tsiro da wuta da tsami haka, ba ƙaramar ma'aikaciya ba ce. Hannun nan zai iya matse man gyaɗa, ya yi kunun tsiro da zoɓorodo na sayarwa, ya dafa ƙwayar yakuwa ta zama daddawar batso, wadda ke watanni a ajiye kuma kasuwarta ba ta mutuwa daga Garwa har Marwa. Da yawansu da za su sami jarin da zai riƙe su wata uku, da sun sauke tukunyar arki da kansu, domin su ne ke binne 'ya'yan da take kashewa.

Kirana ga magajin gari da fadar Lamiɗo da limamai da shugabannin coci na Bibemi shi ne su zauna da matan nan, su ji ta bakinsu kafin a aika jandarma ya fasa randa. A fara da arki da barasar leda, a kuma sa wa ƙungiyoyin adashensu jari a hannu kafin damina mai zuwa.