Zaɓen Wutsiyar Adireshin Intanet: Jawabi Ga Masu Sabuwar Sana'a

Jama'a, kowa ya san amfanin allon da ke ƙofar kanti. To, haka adireshin intanet yake. Kashi biyu gare shi: sunan sana'a, da 'yan haruffan da ke bayan ɗigo, watau wutsiya. Samarin Babban Giji da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni masu niyyar kafa kamfani, lalle su yi nazari tun ba su buga allo da takardu ba.

Wutsiyar .com tun 1985 take, duniya duka ta san ta. Amma kamfanin Verisign na Amurka ke riƙe da ita, kuɗinta kuwa dala yake bi, gajerun sunaye kuma galibi an riga an kama su.

Wutsiyar .ng ita ce tamu ta Nijeriya. Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ke kula da ita. Wajen wakilanta ake rajista, a biya da naira. An ware .com.ng domin ciniki, .org.ng domin ƙungiyoyi, .gov.ng kuwa ta hukuma ce kaɗai. Kada a rikita ta da .ne, wannan ta Jamhuriyar Nijar ce.

Mai sayar da waya a Farm Centre, .com.ng ta ishe shi. Mai aika zoɓo ko riɗi ƙasashen waje, .com ta fi masa. In da hali, a kama duka biyu.

Gargaɗi: rajistar CAC ba ta ba mutum adireshi. Adireshi haya ne. In wa'adi ya wuce ba a sabunta ba, wani yana iya kama shi, masu ciniki su ɓace. Sa'an nan a rubuta shi da sunan mai sana'a, ba na wanda ya gina masa shafi ba.