Jihohi da Ayyukan Makamashi Mai Tsafta a Amurka

A Amurka, ragamar harkar wutar lantarki ba a hannun gwamnatin tarayya kaɗai take ba. Kusan kowace jiha tana da hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin wuta, kuma ita ke amincewa da kuɗin da za su karɓa daga jama'a. Majalisar jiha tana da ikon ta ce wa kamfani, kaso kaza na wutar da kake sayarwa dole ne ya fito daga iska ko hasken rana. Don haka duk mai son sanin yadda ƙasar ke rabuwa da kwal, da yadda wasu ke samun abin yi wasu na rasa nasu a sanadiyyar haka, gara ya fara leƙa jihohi kafin ya leƙa Washington. Batun ya shafi mai karatu a Najeriya, domin gyaran kundin tsarin mulki na watan Maris na 2023 da dokar wutar lantarki ta watan Yunin shekarar sun ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, kuma a 2024 Enugu da Ekiti da Ondo suka shiga sahun farko na masu karɓar wannan iko.

A Amurka, jihar Iowa ce ta fara tilasta wa kamfanonin wuta sayen makamashi mai tsafta. Jiha ce ta manoman masara da waken soya, ga fili fetal, ga iska da ba ta hutawa. A 1983 ta kafa dokar da ta tilasta wa manyan kamfanonin wutarta biyu sayen megawat 105 daga makamashin da ake sabuntawa. Adadin bai taka kara ya karya ba, amma duk da haka kamfanonin sun yi ta jan ƙafa, sai a ƙarshen shekarun 1990 manyan injinan iska suka fara tsayuwa a gonaki. Yau fiye da rabin wutar da Iowa ke samarwa daga iska take fitowa. Abin da dokar ta yi shi ne ta tabbatar wa mai zuba jari cewa akwai mai saye. Rangwamen haraji da gwamnatin tarayya ta fara bayarwa a 1992 ya ƙara wa abin ƙaimi, manomi kuma ya ga riba, tunda ana biyansa hayar ɗan wurin da injin ya tsaya, yana kuma ci gaba da noma sauran gonarsa.

Sai dai ayyukan yi da ake ta yayata cewa harkar na samarwa ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan 'yan siyasa kan yi wa jama'a dungu. Akwai aikin gini: haƙa, zuba kankare, ɗaga ƙarafa, jan waya. Wannan yana ɗibar ɗaruruwan mutane, amma cikin shekara ɗaya ko biyu ya ƙare, ma'aikatan su naɗe kayansu su yi gaba. Akwai aikin kula da injinan bayan an gama, wanda yake dawwama amma mutane kaɗan yake ɗauka, kuma sai wanda ya san lantarki da kanikanci, wanda kuma ba ya jin tsoron hawa sama. Saboda irin waɗannan ne kwalejin Iowa Lakes da ke garin Estherville ta buɗe kwas na horar da masu gyaran injinan iska tun 2004. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku shi ne aikin masana'anta, kuma shi kowane gwamna ke kwaɗayi. Labarin garin Newton ya isa misali. Gari ne mai mutane kimanin dubu 15, wanda ya yi fiye da shekara ɗari yana cin abinci a kamfanin Maytag mai ƙera injin wanki. A 2006 kamfanin Whirlpool ya sayi Maytag, a 2007 aka rufe masana'antar Newton. Hukumomin jiha da na garin suka tashi haiƙan neman wanda zai maye gurbin. A 2008 kamfanin TPI Composites ya buɗe masana'antar ƙera fuka-fukan injin iska a garin, wani kamfanin kuma ya shiga tsohon ginin Maytag yana ƙera dogayen turakun da ake ɗora injinan a kai. A watan Afrilun 2009 Shugaba Barack Obama ya je Newton da kansa don nuna wa ƙasa abin koyi. Mutane sun koma aiki, ko da yake albashin bai kai na da ba. Amma a ƙarshen 2021 TPI ya dakatar da aiki a garin saboda rashin oda daga kamfani ɗaya da ke sayen kayansa, ma'aikata kimanin 700 suka koma gida. A ganina wannan ba ya nufin an yi kuskuren jawo kamfanin. Yana nufin masana'antar da ta rataya ga mai saye ɗaya, a kasuwar da ke hawa da sauka gwargwadon dokar haraji, ba ta isa gari ya jingina da ita kacokan ba.

Texas ta koyar da wani abu daban. Jihar man fetur ce, kuma George W. Bush ne ya sa hannu a dokarta ta makamashin da ake sabuntawa a 1999, yana gwamna. Matsalarta ita ce iskar tana yamma, mutanen suna gabas. A 2005 majalisa ta ba da umarnin a shata yankunan iska a ja musu manyan layukan dakon wuta tun kafin a cika su da injina. Aikin ya ci kusan dala biliyan 7, layukan sun kai tsawon kilomita kusan 5,800. Yau babu jihar da ta kai Texas wutar iska a Amurka.

Duk wannan ɓangaren mai sauƙi ne idan aka kwatanta da abin da ke faruwa a garuruwan kwal. Sabon aikin ba lallai ya sauka a inda tsohon ya mutu ba, kuma mai shekara hamsin da ya ƙare ƙuruciyarsa a ramin kwal ba zai wayi gari yana ɗaura farantin sola a wata jiha ba. Colorado ta kafa ofishi na musamman a 2019 domin ma'aikatan kwal da garuruwansu. Illinois, a dokarta ta 2021, ta tanadi cibiyoyin horarwa 13, tana ba da fifiko ga unguwannin da aka bari a baya da mutanen da suka fito daga gidan yari. Amma New Mexico ce ta fi shiga cikin lissafin dalla-dalla.

A arewa maso yammacin jihar, kusa da garin Farmington, a da akwai tashar wutar kwal ta San Juan da ma'adanin da ke ciyar da ita. Da yawa daga ma'aikatan 'yan ƙabilar Navajo ne, a yankin da aiki mai albashi mai kyau yake da wuyar samu. Dokar da Gwamna Michelle Lujan Grisham ta sa wa hannu a watan Maris na 2019 ta ɗora wa manyan kamfanonin wuta cewa rabin wutarsu ta zama ta makamashin da ake sabuntawa zuwa 2030, sannan zuwa 2045 su daina fitar da hayaƙin kabon gaba ɗaya. Tambayar ita ce, wa zai biya kuɗin da kamfanin PNM, mai gudanar da ita, ya riga ya narka a tashar da za a rufe kafin lokacinta? Dokar ta yarda a mayar da wannan kuɗi bashi mai sauƙin ruwa, masu amfani da wuta su riƙa biya a hankali cikin takardar kuɗin wutarsu. Daga cikinsa aka ware kimanin dala miliyan 40 domin sallamar ma'aikata, koya musu sabuwar sana'a, da tallafa wa al'ummar yankin. Masu suka sun ce an yi wa kamfanin gata, ya fita ba tare da asarar sisi ba, kuma maganarsu ba a banza take ba.

Akwai wani sharaɗi a dokar da ya nuna cewa masu rubuta ta sun san yankin. A lokacin, makarantun gwamnati na wurin suna samun kaso mai tsoka na kuɗinsu daga harajin kadara da tashar ke biya, saboda haka rufe ta zai taɓa har yaran da iyayensu ba su taɓa aiki a can ba. Sai dokar ta ce a gina wani ɓangare na tashoshin da za su maye gurbinta a cikin gundumar makarantun, don harajin ya zauna a gida. An kashe injin ƙarshe na San Juan a watan Satumba na 2022, aka kuma shimfiɗa babbar tashar sola da batura a yankin. Tana biyan haraji, tana ba da wuta, amma ma'aikatan dindindin da take buƙata ba su kai ko kusa da ɗaruruwan da tashar kwal da ma'adaninta suke ɗauka ba.