Cinikin tsofaffin littattafan hannu da matsalar asalinsu: abin lura ga masu bincike a Imanan da Kurfai

1. Gabatarwa

Littafin da aka rubuta da hannu yana da masu nema iri biyu. Akwai mai tara kayan tarihi, wanda yake sayen sa daga dillali saboda tsufansa da kyan zayyanarsa. Akwai kuma mai nazarin harshe, wanda yake neman sa saboda shaidar da yake bayarwa a kan yadda mutanen wani wuri suke magana a wani zamani. A cikin wannan ɗan nazari za mu nuna cewa buƙatun nan biyu sukan ci karo, kuma idan sun ci karo binciken harshe ne yake yin asara. Mun ɗauki misalinmu daga yankin Filinge, a kan hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi Baleyara da Bonkuku, inda Imanan da Kurfai suke maƙwabtaka cikin Dallol Boso. Dalilin zaɓen shi ne, a nan Hausa da Zabarmanci da harshen Abzinawa suna zaune wuri guda, ga kuma Fulatanci a bakin makiyaya.

2. Yadda littafin yake

A ƙasashenmu, malamai ba su saba ɗinke littafin hannu ba. Warƙoƙi ne a sake, ana jera su tsakanin bango biyu na fata, a ɗaure, a sa cikin gafaka. Abin da yake riƙe jerin shi ne kalmar da marubuci yake sawa a ƙasan warƙa, wadda ita ce ta farko a warƙa mai zuwa. Wannan tsari ya dace da karatun zaure, domin malami yana iya raba wa almajirai warƙoƙi su yi ta bita, daga baya a mayar. Amma shi ne kuma yake sauƙaƙa wa dillali aiki: zare warƙa guda ba ya barin alamar yaga.

Takardar kanta baƙuwa ce. Mafi yawan littattafan ƙarni na 19 an rubuta su a kan takardar arewacin Italiya, wadda take zuwa ta Tarabulus da Masar. Idan an ɗaga ta a haske ana ganin tambarin jinjirin wata uku, wani lokaci da sunan masana'antar takarda ta Andrea Galvani. Wannan tambari yana taimakawa wajen ƙiyasta shekarun littafin da ba shi da tarihin rubutu. Tawada kuwa ta gida ce, ta gawayi da ƙaro ko ta sassaƙen itace. A Alƙur'ani, wanda ake rubutawa bisa ruwayar Warshu, baƙaƙe da baƙar tawada suke, wasula da ja, hamza da ɗorawa.

Zayyana tana zuwa a wurare sanannu: farkon Fatiha da Baƙara, kan kowane rubu'in Alƙur'ani, da alamomin izu, nusufi, rubu'i da sumuni a gefen shafi. Littafin da ya fi kusa da abin da Turawa suke kira mai hoto shi ne Dala'ilul Hairati na Shehu Jazuli, malamin Maroko na ƙarni na 15, domin a cikinsa ake zana Raula da kaburbura uku na Madina. Sai kundin malami, mai hatimai da lissafin asirai.

3. Abin da kasuwa take so da abin da bincike yake so

Farashin littafi a hannun dillali yana bin abubuwa uku: tsufa, launi, da suna. Tun da launi yana tattare a warƙoƙi kaɗan, riba tana cikin rarraba littafin, a sayar da masu zayyana ɗai-ɗai, a bar sauran. Tun da suna yana ƙara kuɗi, littafin ƙauye yakan tashi da sunan Tumbutu, ko da bai taɓa ganin garin ba. Ta haka ake yin ɓarna biyu a ciniki guda: an raba littafi da jikinsa, an kuma raba shi da garinsu.

Mai nazarin harshe yana duba wuraren da mai saye ba ya kallo. Na farko, ƙarshen littafi, inda marubuci yakan faɗi sunansa, da sunan wanda aka yi wa rubutun, wani lokaci da rana da shekara. Na biyu, ƙananan rubuce-rubucen da ke tsakanin layuka da gefen shafi, inda ɗalibi yake fassara kalmar Larabci mai wuya da harshen da malaminsa ya yi masa bayani. Littattafan farkon karatu, irin su Ahalari, Ishmawi, Iziyya da Risala, waɗanda dillali yake rainawa saboda yawansu, su ne suka fi ɗaukar irin wannan fassara, domin su ne suka fi shan hannu.

Darajar waɗannan ƙananan rubuce-rubuce ta bayyana a Barno. A 1960 A. D. H. Bivar ya ba da labarin wani Alƙur'ani mai tarihin 1669, ɗaya daga cikin waɗanda suke da fassara tsakanin layuka. Daga baya Dmitry Bondarev ya nazarci harshen fassarar, wato tsohon Kanembu, wanda yanzu yake cikin tsofaffin shaidun rubutu na harsunan yankin tafkin Cadi. Da an sayar da waɗannan littattafai warƙa-warƙa, da ba a iya haɗa nahawun wannan harshe ba.

Mu koma ga yankinmu. Kurfayanci yana cikin karin harshen yamma, inda ake cewa tahi da hwari a madadin tafi da fari, shina a madadin yana, da kuma na da ta a madadin ne da ce. Ajami yana kama irin wannan bambanci, domin marubucin da ya sa ha a inda Bakano zai sa fa ya riga ya faɗi wani abu game da bakinsa. Haka kuma ajami yakan nuna tsawon wasali, abin da rubutun boko na yau da kullum ba ya yi. To amma shaidar ba ta tsayuwa sai an san wurin. Warƙa mai tahi, in ba a san inda ta fito ba, tana iya zama ta Sakkwato, ta Tawa, ta Dogon Dutsi ko ta Filinge. In kuwa an san daga wani gida na Bonkuku ta fito, kuma a shafi ɗaya ga fassarar Hausa ga ta Zabarmanci da hannu guda, sai ta amsa tambayar da ba wata hanyar amsa ta: da wane harshe ake karantarwa a Imanan a zamanin marubucin, kuma wane harshe ne yake ara daga wane.

4. Hanyoyi uku da aka bi wajen tarawa

Hanya ta farko ita ce ganima. A 1890 sojojin Faransa ƙarƙashin Archinard suka ci Segu, suka kwashe littattafan gidan Shehu Umaru Tal, waɗanda suke babban ɗakin karatu na ƙasa a Paris har yau. An adana su, amma nesa da masu su.

Hanya ta biyu ita ce tarawa da sunan ƙasa. A Nijar wannan aikin Bubu Hama ne, wanda ya shugabanci majalisar dokoki daga 1958 zuwa 1974. Ya sa an sayo, an kuma kwafo littattafai daga sassa da dama, har da ƙasashen maƙwabta. Abin da ya tara shi ne tushen sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Yamai, mai littattafai kimanin 4000, waɗanda gidauniyar Al-Furqan ta Landan ta fara buga jerin sunayensu a 2004. A Mali, cibiyar Ahmad Baba ta Tumbutu ta fara aiki a 1973. Abin da ya same ta a Janairun 2013, lokacin da masu ɗauke da makamai suka ƙona ko suka kwashe littattafai kimanin 4000, ya nuna cewa tara kome wuri guda yana da nasa haɗari.

Hanya ta uku ita ce ɗaukar hoto a bar littafi ga mai shi. Ita ce ƙa'idar shirin ceton rubuce-rubuce na babban ɗakin karatu na Ingila, wanda aka soma a 2004, kuma da ita aka yi aiki a Jenne. A ganinmu ita ta fi dacewa da ƙauyukan Dallol, inda littafi gado ne kuma albarkar gida.

Ta fuskar shari'a, yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta hana fataucin kayan tarihi ta ɓarauniyar hanya, kuma Nijar ta kafa dokarta ta kare kayan gado a 1997. Sai dai doka ba ta ciyar da gida. Iyalin da fari ko rashin tsaro ya tasa daga garinsu yana sayar da abin da ya fi sauƙin ɗauka, kuma rashin tsaro ya raba mutane da yawa na arewacin jihar Tilaberi da gidajensu a ƴan shekarun nan.

5. Kammalawa

Ga ɗaliban da za su shiga aikin fili, muna ba da shawarwari huɗu. Kada mai bincike ya saya, kada kuma ya faɗi farashi, domin da zarar ya yi haka ya buɗe kasuwa a garin. A nemi izinin mai littafi, a ɗauki hoton kowace warƙa bisa jerin da aka same ta, har da marasa rubutu. A rubuta sunan gari, da yadda littafin ya shigo gidan, da inda malamin ya yi karatu. Daga ƙarshe a roƙi wani dattijo na gidan ya karanta ajamin da murya, a ɗauki sautinsa, domin karin sauti ba ya cikin rubutu, kuma masu iya karanta hannun kakanninsu suna raguwa. Kwafi ɗaya na hotunan ya koma ga iyalin, ɗaya ya tafi IRSH.