GARKUWA MAI KAMA DA ƘYAURE

Ko kana Mai Wurno, ko Sannar, ko Wad Madani, ka ji tsofaffi suna ba da labarin sulke da lifidi da kwalkwali, irin na mahayan Sakkwato kafin yaƙin Burmi na 1903. To, ga labarin wata garkuwa wadda ta girme su nesa.

Sojan Rum ba baƙo ba ne a bakin Nilu. Wajen shekara 23 kafin haihuwar Almasihu suka hauro daga Masar, suka ci birnin Nafata a ƙasar Sudan ɗin nan. A 1900 kuwa masu tonon kayan mutanen da suka sami garkuwa irin tasu cikin rairayin Fayyum a Masar. Tsawonta ya ɗara ƙafa 4, faɗinta ƙafa 2. Siraran katako aka liƙa hawa uku, kowane hawa yana gicciye da na ƙarƙashinsa domin kada ta tsage, kana aka rufe ta da gashin tumaki dannanne. Masana suka ƙera irinta suka auna, sai ga ta wajen kilo 10. Ka ji kaya, a hannun hagu kaɗai!

Bulus Manzo yana ɗaure sa'ad da ya rubuta wa Afisawa. A sura 6 ya kwatanta bangaskiya da wannan garkuwa. Kalmar da ya sa da Helenanci daga sunan ƙyaure ta fito, gama tana rufe mutum kamar yadda ƙyaure ke rufe ɗaki.

Ya kuma ambaci kiban wuta na Mugun. Lifiyus, marubucin tarihin Rum, ya ba da labarin wani mashi da akan naɗe da tsumma da ƙaro, a cinna masa wuta, a jefa. Ko bai taɓa jiki ba, in ya kafe a garkuwa yana ci, tsoro yakan sa soja ya yar da ita, mashi na biyu ya same shi a fili. Haka Shaiɗan yake yi. Bashi ya taso, yaro ya kwanta, gudun hijira ya raba ka da gida, sai ya raɗa maka cewa Allah ya manta da kai, domin ka saki Yesu Almasihu da hannunka.

Sojan Rum ba ya tsayawa shi kaɗai. In kibau sun yi yawa sukan haɗa garkuwoyinsu gaba da bisa, suna kiran wannan shiri kunkuru. In ɗaya ya sauke tasa, har na kusa da shi ya buɗe wa maƙiyi.