Ɗaga Waya Kaɗai Ba Ya Kwashe Kuɗin Baba

Kusan kowa ya taɓa jin saƙon muryar nan da ke yawo a WhatsApp, wai akwai lambar da in ta kira ka, ka ɗaga, kuɗin asusunka sun tafi. Dattawa da yawa sun tsorata har sun daina amsa baƙuwar lamba. Maganar ba ta da tushe. Ɗaga waya ba ya buɗe asusu. Abin da mutum ya faɗa bayan ya ɗaga ne ke buɗe shi.

Mai kiran yakan yi sallama cikin ladabi, ya ambaci cikakken sunan Baba, ya ce daga banki yake, kuma yau za a rufe asusu saboda BVN ɗinsa ta lalace. Lambar BVN, wadda Babban Bankin Najeriya ya fito da ita a 2014, ba ta da wa'adin ƙarewa. Daga nan sai ya nemi lambobin jikin kati, da lambar sirri, da lambar da za ta shigo ta saƙon tes. Banki ba ya tambayar waɗannan ta waya, ko da wane dalili. Haka hukumar fansho ta PTAD ba ta karɓar ko sisi kafin ta tantance 'yan fansho, don haka mai neman kuɗin "fito da ariyas" ɗan damfara ne.

Wasu kuma na ɓoye lambar asusunsu mai alƙaluma 10 kamar asiri. Da ita ake turo kuɗi, ita kaɗai ba ta isa a cire ba.

Batun satar waya kuwa gaskiya ne. Layin da ke haɗe da banki mabuɗi ne, kuma ɓarawon da ya riƙe shi na iya gwada lambobin tura kuɗi ko da wayar ƙaramar ce. Ranar da ta ɓace, a rufe asusu da layin nan take, kada a jira Litinin. Gaskiya ne kuma ana musanya kati a bakin ATM da sunan taimako, ana kuma haddace lambar sirrin tsohuwar da ta faɗe ta da ƙarfi a gaban mai POS.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zaton cewa macucin kullum baƙo ne. Wani lokaci jika ne ko ɗa, wanda aka damƙa wa kati saboda ido ya yi rauni. A aike shi ciro dubu goma, ya ciro goma sha biyar, tsoho kuma ya yi shiru don kada a ce ya tona asirin gida. Shi ya sa nake ganin kada kati da wayar da alat ke shigowa su zauna a hannun mutum ɗaya.

Cewa in kuɗi sun fita shi ke nan, ba kullum ba ne. A garzaya banki da ƙorafi a rubuce, domin saurin kai rahoto na iya sa a tsayar da kuɗin. In mako biyu suka wuce ba a warware ba, a kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki.

Idan iyayenku suka faɗa hannun 'yan damfara, don Allah kada ku fara da faɗa. Ku ɗauke su ku tafi banki a ranar.