Abin Da Za A Yi In Injin Ban Ruwa Mai Gas Ya Ƙi Tashi

Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, mutanen ƙasar Yawuri da Ngaski da Shanga suka ƙara riƙe noman rani a bakin ruwa, musamman albasa da shinkafa. Da aka janye tallafin fetur a 2023, wasu manoma suka juya injinan ban ruwansu zuwa gas irin na girki. To, amma injin gas yana da halinsa. Ran da ya ƙi tashi, sai mai shi ya yi ta jan igiya har kafaɗa ta gaji, ga fangalin albasa kuwa ba ya jiran kowa.

Abu uku ke ta da inji: gas, da iska, da wuta. A bi su ɗaya bayan ɗaya tukuna, kafin a kwance kafireto.

Da fari a duba tukunya. Nauyinta in ba kome ciki yana rubuce a jikinta, saboda haka awo zai nuna abin da ya saura. Lalle ta tsaya a miƙe, kada a kwantar da ita. Da sanyin safiyar hunturu, in gas ya yi ƙasa, ƙarfinsa yakan ragu, har a ga raɓa a jikin tukunya. Sai a dakata rana ta ɗaga. Kada a kuskura a gasa ta da wuta.

Sa'an nan a duba regileta, watau kan da ake ɗaura wa tukunya, da tiyo. A shafa ruwan sabulu a duk mahaɗa; inda kumfa ya taso, nan ne ke yoyo. Ba a neman yoyo da ashana. Gas ya fi iska nauyi, yakan kwanta cikin rami, don haka wanda ya sauke injinsa cikin rami ya yi hattara ƙwarai.

Na biyu, iska. Ƙurar hunturu takan toshe soson da ke tace iska. A cire shi a wanke da sabulu, a bari ya bushe sarai. Har wa yau, gas ba ya bukatar cok kamar fetur. Galibi in an rufe cok, inji sai ya shaƙe.

Na uku, wuta. A rufe tukunya, a bari wari ya wuce, kana a kwance filogi. In bakinsa ya yi baƙi a goge. A ɗora shi jikin ƙarfen inji a ja igiya. Ya kamata a ga tartsatsi shuɗi. In babu, a gwada sabo. In har yanzu babu, a duba baƙin mai. Injina da yawa suna da abin da ke yanke wuta in baƙin mai ya yi ƙasa, ko in an girke su a karkace kan gangaren gaɓa. Gyara zama kaɗai yakan warkar da wannan.

Kafin a sake ja, a cika cikin famfo da ruwa, gama in ya yi aiki a bushe robarsa za ta ƙone.

In an bi duk waɗannan bai tashi ba, to, aikin makanike ne. A rufe tukunya, a cire tiyo, a kai inji gare shi tun da sauran danshi a gona.